Wa Ya Buga Ganga a Cirebon?

Ranar da aka fara nuna fim ɗin Ombak Besi a Bandung, Pak Engkos Kosasih ya sa rigarsa ta yadin batik mai zane-zane da dogon hannu, ya cusa ɗan littafi da biro a aljihu, ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙwala wa matarsa kira.

"Entin! Za ki sa mu rasa farkon."

"Farkon ai ka san shi, Kang, da kai aka yi," ta amsa daga ɗaki. "Bari in ɗauki mayafi, sanyin wurin nan har ƙashi yake shiga."

Shekarar Engkos saba'in da huɗu. Shi ne mai gangar Ombak Besi tun ranar da suka kafa ƙungiyar kiɗan rok ɗin a wani gareji a 1970 har ta watse bayan shekara tara, kuma cikin su huɗun shi kaɗai ya rage a duniya. Mawaƙinsu Deden Suryaman, wanda fim ɗin yake ba da labarin rayuwarsa, ya daɗe da rasuwa. Lokacin da ake shirya fim ɗin, darakta da kanta ta kira Engkos a waya har sau uku daga Jakarta. Na farko ya ce yana cin abinci, na biyu ya ce kansa ke ciwo, na uku ya ce mata 'yan fim ba su san bambancin ganga da tukunya ba, ya kashe wayarsa. Yanzu kuwa zuciyarsa ta hana shi sakat, yana so ya ga abin da suka ƙulla ba tare da shi ba.

Nunin ƙarfe ɗaya na rana suka shiga. Ba a yi minti biyar da farawa ba ya ciro biro.

"Dubi abin da ke hannunsa," ya raɗa wa Entin, raɗar da ta kai layi uku. "Gorar ruwa ta roba. A garejin nan! Mu da butar shayi muke sha, kowa ya kafa baki."

"Ka bari mutane su ji."

"Gitar ma ba ta lokacin ba ce. Mai kai kamar mashi ɗin nan sai da muka watse ta shigo gari."

Wata budurwa a gabansu ta waiwayo ta ɗora yatsa a leɓe. Engkos ya ɗaga mata hannu alamar ban haƙuri, ya ci gaba da rubutu a cikin duhu. Deden na fim dogo ne, fari, mai faɗin ƙirji, alhali Deden na gaskiya sai ya hau akwatin lemo kafin bakinsa ya kai makirfo. An nuna shi yana kuka a kan kabarin mahaifiyarsa a 1971 yana rera "Jirgin Ƙarfe Biyar", waƙar da ba a tsara ta ba sai bayan shekara shida, a bayan mota a kan hanyar Tasik, kuma tsohuwar tana nan da ranta a lokacin, har ita ce ta ce waƙar ta cika tsawo. Duk masu babur a titi sanye suke da hular kwano, alhali a zamanin ba mai sa ta. Engkos ya yi dariya har ya yi tari. Yaron da ya fito a matsayinsa ma bai ba shi haushi ba. Siriri ne, fuskarsa a aske tas kamar yadda shi ya kasance, sai dai yana riƙe sandunan kiɗa kamar mai riƙe cokali.

Sai aka zo wasan da suka yi a garin Cirebon.

Duk wanda ya taɓa shan kofi da Engkos ya ji labarin Cirebon. Watan Agusta na 1973, a filin ƙwallo, da la'asar, mutum fiye da dubu goma. Ana tsakiyar waƙa hadari ya taso, ruwa ya tsuge, injin wuta ya mutu. Gita ta yi shiru, makirfo ya yi shiru, jama'a suka fara jifa da takalma. Mai ganga kaɗai ne ba ya buƙatar wuta, shi ya riƙe filin nan kwata guda na awa, shi kaɗai, har aka tayar da injin. Da wannan wasan sunan ƙungiyar ya zagaye tsibirin Java. Engkos ya gyara zama, ya damƙe hannun Entin.

Ruwa ya tsuge a fim, wuta ta ɗauke, kyamara ta juya ga ganguna. Wanda ke zaune a bayansu ba siririn yaron nan ba ne. Wani kakkauran mutum ne mai gashin baki kamar tsintsiya, da farar singileti, kuma bahago. Ba a ce ga sunansa ba, ba a ce ga dalili ba. Ya yi kiɗansa, aka tafa, aka wuce, a wasa na gaba siririn yaron ya dawo kujerarsa kamar ba abin da ya faru.

Engkos bai sake rubuta komai ba har aka kunna fitilu.

A shagon miyar taliya da ke ƙasan ginin silimar, Entin ta ci tata ta jawo tasa ta fara tsince naman.

"Ƙila ɗan wasan ne bai da lafiya ran nan, suka sa wani," ta ce.

"Sai su sa bahago? Su liƙa masa gashin baki?" Ya buɗe littafin ya rufe. "Sauran kurakuran na gane su. Gora, rashin kula ne. Gita, ba su samu ta da ba. Waƙar kabari, suna so mutane su yi kuka. Amma wannan, Tin, ba mantuwa ba ce. Sai da wani ya zauna ya juya gangunan nan gaba ɗaya, ya mayar da na dama hagu. Ba a yin haka da kuskure. Me ya sa?"

"To kira ta ka tambaya."

"Bayan na kashe mata waya sau uku?"

"Sau ɗaya ka kashe. Sau biyu ƙarya ka yi mata."

Kwana huɗu yana juya abin a ransa. Yana da ɗan shago a gefen gida inda yake sake wa ganguna fata, kuma a kwanakin nan ya ɗaure fatar ganga ɗaya ya kwance sau uku bai ji ta yi masa daidai ba. A rana ta biyar ya lalubo lambar ya kira.

Daraktar, Laras Prameswari, ba ta yi fushi ba, ihun murna ma ta yi a wayar. Ranar Asabar ta hau jirgin ƙasa ta zo Bandung da kwalin kek a hannu. 'Yar shekara talatin da wani abu ce, da gajeren gashi da katon tabarau. Ta durƙusa ta sumbaci hannun Engkos, ta sumbaci na Entin, ta zauna a kan bencin shagon tsakanin fatun akuya.

"Karanto mini duka, Pak, kada ka rage," ta ce. "A intanet an riga an yi mini kaca-kaca. Wani har agogon hannun mai sayar da tikiti ya gano."

Ya karanto, tana dariya tana rufe fuska. Gorar ruwa ta mai riƙe fitila ce, ya ajiye a kan na'ura, ɗan wasan ya ɗauka, ba wanda ya lura sai da aka gama. Gita ta ainihi sun same ta a wurin wani mai tara kayan da, amma ya ce ba za ta fita daga gidansa ba ko da sarki ne ya aiko. Hulunan kwano kuwa, an hana su ɗaukar hoto a titi sai da su.

"To mahaifiyar Deden fa? Kin kashe baiwar Allah shekara ashirin kafin kwananta ya ƙare."

Nan dariyarta ta ragu. "Wannan ni na yi, Pak, da sanina. Na je na roƙi ƙanwarsa, ta ce in dai za a ji waƙar da kyau, tsohuwar ba za ta damu ba. Har yanzu ban tabbata na kyauta ba."

"Da ta damu," in ji Engkos. "Amma bar wannan, Neng. Cirebon. Wane ne mai gashin bakin nan?"

Laras ta dubi Entin, ta dube shi, ta cire tabarau tana gogewa da bakin riga.

"Ai shi ya sa na yi ta kiran ka, Pak. Wannan ba kuskure ba ne. Akwai wani ɗan yanki kafinsa da yake bayyana komai, kana kwance a asibiti, su Deden sun zo duba ka. Fim ɗin ya yi tsawo, masu kuɗin suka sa aka yanke. Sai mutumin ya zama kamar daga sama ya faɗo."

"Asibiti? Ni ina asibiti ranar Cirebon?" Ya yi dariya. "Neng, da hannun nan biyu na buga. Har gobe ina jin ruwan yana tsalle daga fatar ganga yana shigar mini ido."

"Haka na karanta a duk jaridun lokacin, sunanka ne a ciki. Sai na haɗu da Mang Oman."

"Wane Oman?"

"Direbanku."

"Oman ya tafi Kalimantan aikin katako tun muna samari. An ce mini zazzaɓi ya kashe shi a can."

"Yana Garut, Pak, yana kiwon kifi. Ya ce in na gan ka in gaya maka har yanzu bai yafe kujerar motarsa da ka ƙona da sigari ba."

Engkos ya rufe littafinsa. Wannan kam ba wanda zai san da ita sai Oman.

Ranar Litinin da sassafe shi da Entin suka hau bas zuwa Garut. Tun daga tasha har suka fara hawa duwatsu yana ƙirga da yatsu. Taifot ya yi, wannan gaskiya ne. Ya kwanta mako uku a asibiti, ya ƙara wasu makonni a gidan mahaifiyarsa a Sumedang yana shan kunun shinkafa har ya tsane shi. Amma a wace shekara? Shi a ransa 1972 ne. Entin ba za ta taimaka masa ba, don sai 1976 suka yi aure, kuma labarin Cirebon daga bakinsa ta fara ji, ya kuma maimaita shi ranar da ya zo gaishe da iyayenta.

"Babana saboda labarin nan ya yarda da kai," ta ce tana ɓare gyaɗa. "Ya ce mutumin da ya tsaya a gaban dubu goma masu jifa zai iya zama da ni."

"Ki bari, Tin."

"Tambaya nake. In ba kai ba ne, auren ya ɗauru?"

Sun sami Oman a bakin kududdufinsa da bokitin abincin kifi, ya tsufa ya rankwafa, ba haƙori ko ɗaya a sama. Ya sa hannu ya kare rana, ya daɗe yana kallon su.

"Kos? Kai ne ka zama haka? Ina gashin?"

"Ni an ce mini ka mutu."

"Ni ma an ce mini ka yi hankali. Ka ga duka ƙarya ne."

Suka rungume juna, bokitin ya kife, kifaye suka yi ta wawaso a bakin ruwa. A rumfar gidan, surukarsa ta kawo kofi da soyayyen rogo da awara mai zafi. Oman ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin biskit da wata tsohuwar rediyo mai cin kaset, da kaset ɗin wasan Cirebon a cikinta. Daga gwangwanin ya zaro hoto ya miƙa.

Hoton ya yi ja saboda tsufa, amma komai a fili yake. Ga Deden a kan akwatin lemonsa, gashi ya manne masa a fuska. Ga gangunan Engkos, ya gane su da tabon fentin da ke jikin babbar. An juya su hagu. A bayansu ga mutumin, da singileti da gashin baki, bakinsa a buɗe kamar yana ihu. A bayan hoton an rubuta da biro: Cirebon, Agusta 73.

Engkos ya kai hoton kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake kusantowa.

"Wane ne?"

"Koh Beng. Ɗan Cirebon ne, yana kiɗa a gidajen biki. Kana kwance kamar tsumma, an riga an buga takardun talla, Deden ya ce ba za a fasa ba. Muka isa garin ba mai ganga. Mai masaukinmu ya ce akwai wani a bayan kasuwa. Na je na same shi yana gyaran keke, na ce ka iya rok? Ya ce mene ne rok? Na ce kiɗan biki ne amma da fushi. Ya ce to mu je."

"Kuma ba wanda ya gaya mini."

"Deden ya sa muka rantse. Ka manta yadda kake a lokacin? Mai gita ya taɓa zama a kujerarka da wasa, ka yi kwana goma ba ka yi masa magana ba. Deden ya ce in Kos ya ji wani ya taɓa gangunansa, kuma har aka tafa masa, zai bar mu. Da muka zo Sumedang duba ka muka ce wasan ya yi kyau, mun yi da gita kawai. Kai kuma zazzaɓi bai gama sakin ka ba, ko tambaya ba ka yi ba."

"Amma na tuna, Man. Na tuna ruwan. Na tuna takalmin da ya faɗo kan ƙaramar ganga, na roba, shuɗi."

"Wannan na shekarar saba'in da biyar ne. Mun koma filin, an yi yayyafi, wuta ta ɗauke, ka buga. Minti biyu, ko uku in na yi maka alheri. Takalmin ma na wani yaro ne da aka ɗaga sama, ba jifa ba ce." Oman ya tsoma rogo a kofi don ya yi laushi. "Kafin nan 'yan jarida sun riga sun rubuta sunanka, don su a wurinsu mai gangar Ombak Besi ɗaya ne. Duk inda muka je sai a zo a kama hannunka a ce Kang Engkos, Cirebon! Da farko kana cewa wane Cirebon? Mu kuma sai mu ce kai dai ka cika mantuwa. Bayan na saba'in da biyar ka daina tambaya. Wata rana a mota na ji kana ba wata yarinya labarin, kwata guda na awa cif, na kusa faɗawa rami don dariya. Deden ya harare ni ta madubi."

"Yarinyar ni ce," in ji Entin.

Oman ya dube ta. "To, Ceu, ki yi haƙuri. An cuce ki."

Engkos ya jira ya ji fushi ya taso masa, don ya san kansa. Ya ji kunya kaɗan, ta zo ta wuce kamar zafin barkono. Abin da ya zauna masa shi ne mamaki. Ya rufe ido ya nemo ranar, ga ta nan yadda take kullum, da warin jiƙaƙƙiyar ciyawa da ciwon kafaɗa, ba abin da ya ragu. Ina ya samo sauran minti goma sha biyun? Wa ya ba shi su?

"Sa kaset ɗin," ya ce.

Wani ɗan kallo ne ya ɗauka da ƙaramar rikoda a ƙarƙashin lema, sautin duk shuu ne da ihu. Aka ji muryar Deden ta yanke a tsakiyar kalma. Aka ji jama'a sun fara gunaguni. Sai ganga ta shigo.

Engkos ya ajiye kofinsa. A labarin da ya yi shekara hamsin yana bayarwa, da ƙarfi ya fara, ya yi ta dukan ganguna kamar aradu har jama'a suka tsorata suka nutsu. Mutumin nan kuwa a hankali ya fara, da wani ɗan kiɗa mai rangaji irin na rakiyar amarya a garuruwan bakin teku, har ana jin wasu suna dariya. Sai dariyar ta koma tafi. Yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ba a jin lokacin da yake ƙarawa, kuma a ƙarƙashin komai akwai wani bugu da yake zuwa a makare, kamar mai ɗingishi, ya ƙi faɗawa inda kunne yake jiran sa. Kafin minti biyar filin gaba ɗaya yana rera wata waƙar biki.

"Mayar baya," in ji Engkos.

Sau shida Oman yana mayarwa. Engkos ya gwada a kan tebur da yatsu, ya gwada a kan gwiwa, ya karɓi cokula biyu ya gwada a kan gwangwanin biskit. Duk sauran ya kama su nan take, amma bugun nan mai ɗingishi ya ƙi zama. In ya sa shi a hannun dama ya yi wuri, in ya sa a hagu sauran su rushe.

"Ya fi ni," ya ce a ƙarshe, ba da baƙin ciki ba, kamar mai faɗin farashin shinkafa. "Ta ina yake shigo da shi? Yana raye?"

"Ya rasu da daɗewa. Yarinyar fim ɗin ta nemi danginsa ba ta samu ba, don ni Koh Beng kawai na sani. Sai bayan fim ya fita wani abokin kiwon kifi ɗan can ya ce mini shagon keken yana nan a bayan kasuwa, 'yarsa ke riƙe da shi."

Da Engkos ya kira Laras ya gaya mata, ta turo wa Entin sautin kaset ɗin, wanda ta riga ta kwafa a wurin Oman, a waya, ta ce ita ma tana son zuwa. Ya ce ta bari tukuna, wannan tafiyar tasa ce. Bayan mako guda shi da Entin suka sauka a Cirebon da tsakar rana, zafi kamar a bakin murhu, iska tana warin gishiri da busasshen jatan lande. Sau uku suna tambaya kafin su sami shagon. Tayoyi ne rataye har rufi, da wata mace mai furfura a bayan kanta tana jera ƙararrawar keke a kwali. Sunanta Ci Giok.

Engkos ya faɗi sunansa, ba ta san shi ba. Ya faɗi sunan ƙungiyar, ta ce ta ga tallan fim ɗin a titi amma ita ba ta zuwa silima. Ya ajiye hoton da Oman ya ba shi a kan kanta.

Ta daɗe tana kallo. "Papa ne," ta ce. "Wannan singiletin ma na san ta. Ina ne nan? Su wane ne waɗannan masu gashi kamar mata?"

"Bai taɓa ba ku labari ba?"

"Papa? In ya dawo daga biki sai dai ya ce abincin ya yi gishiri ko bai yi ba." Ta juya hoton ta karanta bayan. "Ina 'yar shekara shida. Na tuna wata rana ya dawo a jiƙe sharkaf, Mama ta yi ta faɗa. Ya ce wasu yara 'yan Bandung ne wutarsu ta lalace ya taya su. Mu mun ɗauka gyaran waya ya yi musu."

Entin ta ciro wayarta ta kunna, ta ajiye tsakanin ƙararrawar. Shuu ɗin ya cika shagon, muryar Deden ta yanke, ganga ta shigo. Ci Giok ta dafe baki da hannu. Wani da ya shigo sayen bawul ɗin tayar keke ya tsaya da kuɗinsa a hannu, ba wanda ya kula shi.

"Shekara hamsin ana cewa ni ne," in ji Engkos bayan an gama. "Ni ma ina cewa ni ne. Ba da niyyar sata ba, Ci, wallahi haka nake tunawa. Na zo in gaya miki na mahaifinki ne. Mai fim ɗin ta ce za ta sa cikakken sunansa in kin ba ta."

"Lim Beng Hoat," ta ce, tana share ido da bayan hannu. Sai ta yi 'yar dariya. "Wannan kiɗan ai na jiran abinci ne. Kullum in Mama ta makara da shinkafa, shi yake yi a kan tebur don ya ba ta haushi. Mu duka mun iya."

Ta ture kwalin gefe, ta ɗora hannu biyu a kan katakon kanta ta fara. Engkos ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa yatsunta. Ga rangajin, ga saurin yana ƙaruwa. Da aka zo wurin bugun mai ɗingishi, hannayenta biyu suna can suna aikinsu, ba wanda ya motsa daga wurinsa, amma bugun ya fito, dum, daga ƙasa. Ya leƙa ta gefen kanta. Diddigenta ne na hagu yake dukan ƙafar kujera.

"Ƙafa!" ya ce da ƙarfi har mai sayen bawul ya zabura. "Tin, ba hannu ba ne! Da diddige yake dukan katakon dandamali!"

"Papa yana cewa ganga ba ta isa ba, sai an haɗa da ƙasa," in ji Ci Giok.

Engkos ya jawo wata kujerar roba, ta yi laushi, ya ture ta ya jawo akwatin kayan gyara ya zauna a kai. Ya cire takalmin hagu ya ajiye a gefe, ya naɗe hannun riga.

"Sake yi, Ci. A hankali, kamar kina koya wa jikanki."

Ta sake. Ya bi ta, ya ɓata a na uku. Ta ce ya yi gaggawa, ya jira har sai ya ji kamar ya makara sannan ya buga. Ya sake ɓatawa. Entin ta dubi agogon bango, ta ga jirgin ƙasan ƙarfe uku zai tafi ya bar su, ta karɓi kuɗin mai bawul ta miƙa masa kayansa, sannan ta tambayi Ci Giok inda ake sayar da shinkafa mai kyau a kusa.

"Kwana ta biyu, hannun dama, mai koren labule," Ci Giok ta amsa ba ta daina bugawa ba. "Ki ce ni na aiko ki. A'a, Pak, ka sake yin wuri. Daga farko."